Gyazbi a Gidan Ƙumba

Tun ranar da na dawo Kaura ba a bar ni na sha shayi da daɗin rai ba. Wannan ya ce, Sule, ina ka baro tumbinka? Wancan ya ce wai da gaske ne na yi kwana goma sha ɗaya a ƙauyen da ko karnuka sun yi ƙaura? Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa guntun ya je ya zuba masa gishiri, alhali zuba gishiri a zance sana'ata ce tun kafin a yi wa wasunku kaciya. Shi ya sa na ari biro na zauna. Kun san halina, in na ga akuya biyu nakan ce garke ne. To a wannan labari inda na ƙara za ku gane, inda na kasa ƙarawa ma za ku gane.

Kafin mu hau mota sai na gabatar muku da halittu biyu. Yawancinku 'yan gari ne, in an ce gyazbi sai ku ce gafiya. Ba gafiya ba ne. Gyazbi ya fi ta jiki, wutsiyarsa gajera, gashinsa kaushi kamar tsohuwar tsintsiya, haƙoransa ja kamar na wanda ya shekara arba'in yana cin goro. A ciyawar bakin gulbi yake zama, yana yanke karan dawa a karkace sai ka ce da wuƙa. Zuciya kuwa ba shi da ita sam. Ganye ya motsa, ya ruga. In ka cafke shi ta wutsiya sai ya bar maka ita a hannu ya yi gaba abinsa. Ƙumba kuma ita ce 'yar halittar nan ta cikin lakar gulbi, ɓawo biyu a haɗe da ɗan nama a tsakani. Ɓawonta ne iyayenmu mata ke kira makankari, suna kankare ƙanzon tukunya da shi. Ita ba ta san gudu ba. In gulbi ya ƙafe sai ta nutse cikin laka, ta rufe baki, ta jira ruwa ko wata nawa zai yi.

Gyazbin ni ne. Ƙumbar kuwa Iro ne, ɗan Gwaggona, taubashina. Tare muka tashi a wani ƙauye na bakin Gulbin Bunsuru, cikin ƙasar Zurmi, wanda ba zan kama sunansa ba saboda har yanzu da sauran mutane a ciki. Shi ya laƙaba mini Gyazbi saboda haƙorana da saurin ƙafata, ni kuma na rama da Ƙumba saboda yakan wuni bai buɗe baki ba. Shekara hamsin muna gardamar wace ta fi wayo cikin halittun nan biyu, kuma a cikin shekara hamsin ɗin ba mu taɓa gaya wa juna magana miƙaƙƙiya ba. Ranar da aka rufe mahaifina, jama'a na ta Allah ya jiƙansa, Iro ya matso kusa da kunnena ya ce, to Gyazbi, mai rumbu ya tahi, yanzu karan wa za ka ci? Duk gaisuwar da aka yi mini ranar, ita kaɗai ta shiga.

Da mutanen daji suka fara matsa wa yankinmu, ni na riga kowa fita. Na bar gonar ubana, na dawo Kaura na kama awon hatsi a kasuwa. Iro ya zauna. Damina biyu da suka wuce aka kwashi samari daga gonaki, har da Kabiru, ɗansa na fari, saurayi mai gemu. Wasu sun dawo, shi bai dawo ba, kuma ba wanda ya zo da labarin mutuwarsa ko na ransa. Matar Iro, Hajara, ta kwashi sauran 'ya'yan ta koma wurin yayanta a Shinkafi. Iro ya ce shi gona ta riƙe shi. A ƙarshen bazarar nan Hajara ta sa aka kira ni a waya, ta ce fartanya ta sare shi a ƙafa tun wata uku, ƙafar ta kumbura ta fara wari, ya ƙi fitowa, kuma da zarar ruwa ya zuba gulbi ya kawo, hanya ta rufe sai kaka. Abin da ya fitar da ni ke nan: in ɗauko shi kafin ruwa.

Ranar Alhamis na hau motar Shinkafi, don ranar kasuwa ce, motoci kan tafi a jere. Direba ya dubi cikina ya ce ni da shi mutum biyu ne, na ce masa ai cikin bai yi balaga ba, a cinya ake ɗaukarsa. Aka cusa mu har numfashi sai da izinin maƙwabci. Kusa da ni wani tsoho ne Basarke, irin masuntan nan da suka san gulbi fiye da ɗakin kwanansu. Na ce yau Allah ya kawo alƙali, na shimfiɗa masa shari'armu. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce shi ya taɓa tono ƙumba a tabkin da ya shekara biyu ba ruwa, ɓawon a rufe tsaf, ya buɗe ya tarar ba komai ciki sai ƙasa. Na ce madalla, na ci shari'a. Ya ce in dakata. Gyazbi kuma, in an cinna wa ciyawa wuta, gudun nan nasa shi ke kai shi gaban mai sanda. Da ya gama ya miƙo hannu in ba shi goron alƙalanci, alhali bai raba gardamar ba.

Akwai wani yanki na hanyar da in an shiga kowa ke yin shiru. Direba ya kashe rediyo, mata suka daina hira, har kazar da ke ƙarƙashin kujera ta kama kanta. A daidai nan tayarmu ta ga ya dace ta yi faci. Ban san lokacin da na fita ba, sai dai na gan ni a kwance cikin geza, takalmina ɗaya a mota, ɗaya Allah kaɗai ya san inda yake. Mazan da suka tsaya sun canza tayar nan cikin lokacin da bai isa a karanta Fatiha biyu ba. Da na fito ina karkaɗe riga, Basarken ya ce yanzu ya gane wane ne ni a cikin shari'ar. Haka na shiga Shinkafi da takalmi ɗaya. Kasuwar tana ci, amma wanda ya san ta da can zai ga kamar an yi mata aski.

Na sami Hajara a wani ɗaki na bayan gidan yayanta, ita da 'ya'ya biyar. Ta rame, har da na so in yi mata tsiya kamar yadda na saba, sai bakina ya ƙi. Ta yi mini tuwon dawa da miyar kuka, na ci, ina jin ta a bayan danga tana kankare tukunya. Da ta fito na ga makankari ne a hannunta, ya cinye har ya zama kamar jinjirin wata. Ta ce da shi ta fito daga gida, ta manta da tabarmar sallarta amma ta tsinci wannan a ƙullin zanenta.

Sannan ta zauna daga nesa ta ce, "Malam Sule, don Allah wanga karon ka aje wasan nan bakin gari. Kai ɗai yake ji. Cewa yake gona, wace gona? Bara ko iri bai mayar ba. Babban yake jira."

Babban ta ce. Ɗan fari ne, bakinta ba zai kama sunan ba ko a wannan hali. Shi ma Iro, tun da aka haifi yaron ban taɓa jin sunan a bakinsa ba, ban taɓa ganin ya ɗauke shi a gaban mutane ba. Da aka tafi da shi, masu jaje suka cika zaure, abin da Iro ya ce kawai shi ne ai 'ya'yan mutane da yawa aka tafi da su.

A zauren yayanta aka sauke ni tare da wasu maza da suka baro ƙauyukansu. A nan na lura da wata sabuwar al'ada. Mu a Kaura in ka gai da baƙo sai ka bi gidansa ɗaki-ɗaki, ina uwargida, ina yara, ina wane. A zauren nan an daina. Ana cewa ina gajiya, ina zafi, sai a tsaya, don ba ka san sunan da za ka kira ka tayar wa mutum da miki ba. Ni da bakina ba ya zama, sau biyu ina cizon harshe.

Washegari na sayi silifa, na karɓi ƙullin dakuwa da Hajara ta yi wa mijinta, na hau motar da ta komo da mu baya kafin ta karkata Zurmi. A can na kwana a shagon wani abokin awona, da safe ya haɗa ni da Mamman, ɗan kabu-kabu mai furfura a gemu, wanda shi kaɗai ya rage yana shiga wajenmu. Mamman ya dube ni sama da ƙasa kamar mai sayen rago, ya ce in cire hular, in cire agogon, in bar wayar a shago, in nemi rigar da ta fi wannan tsufa. Ya ce in mun gamu da kowa kada in tambayi suna, kada in kalli abin da ke rataye a kafaɗa, kuma, tunda ya ji labarina, kada in ba kowa dariya.

Na taɓa zuwa Maraɗi, na san iyaka: sanda a gicciye, tuta, da mai duba takarda. Wannan iyakar ba ta da ko ɗaya. Bayan shingen ƙarshe na jami'an tsaro akwai wata tsamiya, daga ita ka shiga wata ƙasa. Gonaki ne dama da hagu, lokacin sharar gona ya yi, amma ba kowa a ciki. Can gaba muka iske mutum biyu zaune a inuwa. Mamman ya tsaya ya gaishe su da ladabin da ko surukinsa bai samu ba. Ɗayan ya kwance ƙullin Hajara, ya ɗebi dakuwar, ya mayar mana da dunƙule uku. Ɗayan kuma ya zungure ni a ciki ya tambaya wata nawa ne. Amsoshi bakwai suka taso mini a lokaci guda, kowace ta fi 'yar'uwarta daɗi, na haɗiye su duka. Ban taɓa shan magani mai ɗacin wannan ba.

Muka tsallake gulbi a kan yashi, ko digon ruwa babu. Garin da na baro ana cika masallaci har waje, yanzu ba sa cika sahu biyu, kuma duk tsofaffi. Ba a kiran salla da ƙarfi. Zakaru an cinye su tuntuni saboda cara. Mata kan shimfiɗa tsumma a ƙarƙashin turmi kafin su yi daka. Mamman ya ce yana da saƙo a ƙauyen gaba, zai dawo da la'asar, kuma ba zai jira kowa ba.

Iro na zaune a ƙofar zaurensa, ƙafar a miƙe an naɗe ta da tsumma. Tun daga nesa warin ya tarye ni. Na zo da maganata a shirye, tun Shinkafi nake tsara ta. Ya ɗago ya gan ni, ya ce, "Wa ya ƙona ciyawa har gyazbi ya hito da rana tsaka?"

Ban san lokacin da na ce na ji labarin wata ƙumba ce ta ruɓe a laka, na zo in ɗauki ɓawon in kai wa Hajara ba. Shi ke nan, wasan da aka ce in ajiye a bakin gari ya riga ni shiga gida. Ya yi dariya har da tari. Muka yi ta yi kamar jiya muka rabu. Na ba shi dakuwa uku na ce sauran na biya kuɗin fito. Ya sa aka kawo mini abinci, na buɗe akushi na ga wani abu fari-fari a cikin miya. Ƙumba ce. Mu da muka tashi, wanda aka gani yana cin naman ƙumba sai an yi masa waƙa a dandali. Yanzu ita ce naman garin. Na tauna ɗaya tun azahar, ina jin da ban haɗiye ta da ruwa ba da har yau ina tauna.

Ya dogara sanda ya ja ni bakin gulbi, tafiyar da ba ta fi taku ɗari ba amma sai da ya huta sau uku. Ya nuna mini wani lungu a gindin gaɓa ya ce in tona. Na tona kamar kamu ɗaya, na fito da ƙumba baƙa, mai nauyi, a rufe gam. Muka koma gida ya sa ta cikin ƙwarya da ruwa, ya ce in yi shiru in na iya. Can sai ga bakinta ya ɗan buɗe, wani farin abu kamar harshe ya leƙo. Ya ce wata biyar ke nan rabonta da ruwa, ga ta da ranta, in nuna masa gyazbin da zai iya haka. Na ba shi labarin Basarke da ɓawon da ba komai ciki. Ya ce Basarken bai iya tono ba ne.

Rana ta fara karkata. Sai na yi kuskuren da taubashi kaɗai zai yi, na ce bari in kunyata shi ya tashi. Na ce masa duk kasuwar Kaura ta ajiye awo tana jira ta ga ƙumba a kan babur, har na sa a yi mana kiɗa. Na ga fuskarsa ta rufe. Ya ce to su ci gaba da jira. Na manta cewa shekara shida yana gaya wa duk mai wucewa shi ba gyazbi ba ne, kuma ni na gina masa wannan katangar da bakina, tubali bisa tubali.

Na ji ƙarar babur ɗin Mamman daga nesa. Na durƙusa a gabansa na ce, "Ibrahim."

Tun da aka raɗa masa sunan ban taɓa kiransa da shi ba. Ya dube ni kamar na mare shi.

Na ce, "Ƙafar nan za ta kashe ka kafin kaka. Ba gona kake tsaro ba, kowa ya sani. Kabiru kake jira. Kana so ya zo ya iske kabari?"

Ya kawar da kai da jin sunan. Sannan ya ce, "Ashe ciwon ya kai inda za ka kira ni da sunan yanka."

Na ce ya kai. Na ce akwai Baba Tanko, tsohon da ke ja musu salla, gidansa na jikin na Iro, in yaron ya zo zai gaya masa inda kowa yake. Iro ya girgiza kai.

"Ba labari nika tsaro ba. In wani ya taho daga nesa, ya iske ƙohwa da yanar gizo, murhu da sanyi, mi zai ce? Cewa zai yi an hidda rai da shi." Sannan ya ce, "Ka zauna, in tahi."

Na fashe da dariya, na ɗauka ya komo wasa. Bai yi dariya ba. Mamman ya tsaya a ƙofa bai kashe babur ba. Jama'a, na so in ce muku jarumtaka ce ta sa na amsa, amma ba ita ba ce. Na duba ko'ina ne na rasa ta inda zan gudu. Na ce na zauna har ya dawo. Ya ce in ce wallahi, na ce. Ya gaya mini aikin: kullum da safe in share ƙofar gida yadda mai wucewa zai ga sawun tsintsiya, in hura wuta ko ba abin dafawa don hayaƙi ya tashi, kuma kada in rufe zaure. Muka ɗora shi a babur, muka ɗaure shi da rawani a bayan Mamman. Da za su tashi ya ce in ci a hankali, ya ƙirga karan dangarsa.

Kwana goma sha ɗaya na yi a gidan. Ba zan ce muku na yi barci ba, ba zan kuma ce ban yi ba, wani abu ne a tsakani. Da rana kuwa duk takun da na ji sai zuciyata ta rabu biyu, rabi na cewa Kabiru ne, rabi na neman ta inda za a tsallake danga. A nan tumbin da kuke tambaya ya tafi.

Baba Tanko ne abokin zamana. Ido ya yi masa rauni amma hannunsa bai manta ɗana tarko ba. Rana ta huɗu ya kama gyazbi da rai, ya sa shi a akurkin da ba kaji, wai a ajiye zuwa Juma'a. Ban taɓa kallon takwarana kusa haka ba. Bai tsaya ya duba akurkin ba, bai nemi inda ya fi rauni ba, sai ya dinga rugawa yana buga kai a jikin kara, ya komo ya sake bugawa, har hancinsa ya fashe. Baba Tanko ya ce haka suke, ba sa jure ɗauri, gara a yanka shi kafin ya kashe kansa ya zama mushe. Muka yanka. Na ci ɗan'uwana, kuma kada in yi muku ƙarya, ya yi daɗi. Ƙumbar ƙwarya kuwa kullum ina canza mata ruwa. In na zauna ban motsa ba sai ta buɗe, in inuwata ta gifta sai ta rufe. Ita ta koya mini zama wuri ɗaya, abin da malamin allo ya kasa da bulala.

Rana ta bakwai da hantsi ina shara sai na hango saurayi tafe ta hanyar gulbi, ramamme, ba takalmi, yana ɗingishi. Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Da ya matso na ga ba shi ba ne, ɗan unguwar gabas ne, na san kakansa. Ya gaishe ni a gurguje ya wuce, na bi shi a baya. Ya tsaya a ƙofar gidansu. Danga ta faɗi, tumfafiya ta fito a tsakar gida har ta yi tsawon mutum. Na yi ta gaya masa mutanensa lafiya lau suke, suna Zurmi, an gan su. Bai ko waiwayo ba. Ya shiga ya zauna a inda murhun uwarsa yake, ya sa kai a gwiwa. Tun daga ranar na daina ganin sharar nan a matsayin rigimar Iro. Har sau biyu nake yi.

Rana ta tara aka yi ruwa a gabas, mu ko yayyafi ba mu samu ba, amma washegari gulbi ya kawo, ja wur, da kumfa da karare. Na kai ƙumbar na saka ta a gefen ruwa, ta nutsa cikin laka ko sallama babu. Rana ta goma sha ɗaya sai ga Mamman a ƙafa, jiƙe har ƙirji, ya bar babur a tsallake. Ya ce daga Zurmi an wuce da Iro babban asibiti, an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, yana da rai. Ya ce Hajara ta ce in fito. Ya ce 'ya'yan Baba Tanko ma sun aiko a tafi da shi, kuma shi daga yau ba zai sake tsallake ruwan nan ba sai kaka, in zan zo in zo yanzu.

Na riga na rantse wa Iro da wallahi zan zauna. Na kuma san mai ƙafa ɗaya ba zai dawo garin nan da damina ba, wataƙila har abada. Ina da mata da 'ya'ya bakwai a Kaura. Duk wannan gaskiya ne, na jera wa kaina su ɗaya bayan ɗaya, amma ƙafafuna sun riga lissafin yanke hukunci. Na share ƙofar gida. Na jawo wani kututturen kirya na tura a murhu yadda zai kwana biyu yana hayaƙi. Na ɗebo ruwa na cika randar zaure, na ajiye moɗa a kusa. Na ɗauki gawayi na rubuta da ajami a bango, manya-manya: Kabiru, uwarka na Shinkahi gidan kawunka, ubanka na asibiti, ba a hidda rai da kai ba. Mamman na ta kira daga waje. Muka goya Baba Tanko muka shiga ruwa.

Kwana biyu bayan haka na isa asibitin. Tun a mota nake tanadin abin da zan ce, na shirya masa tsiya iri-iri a kan ƙafar, don na san in na shiga da fuskar jaje ba zai yafe mini ba. Na same shi a kwance, ya ƙanƙance, zanen da aka rufa masa ya faɗa a inda ƙafar take da. Hajara na zaune a ƙasa tana yi masa fifita. Da ta gan ni ta sunkuyar da kai. Iro ya dube ni, ya dubi bayana kamar wani zai biyo ni, sannan ya ce, "Wa ka bari gidan?"

 Na ce ba kowa. Na gaya masa gulbi ya kawo, na gaya masa na yi shara, na bar kututture yana ci, na yi rubutu a bango, zaure a buɗe, randa cike da ruwa. Yana saurare idonsa a rufi. Bai ce na karya rantsuwa ba. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Da na gama har na ɗauka barci ya ɗauke shi. Sai ya ce, a hankali, "Ka ruhe randar da faifai? Kada ƙadangare ya hwaɗa, mutum ya taho da ƙishirwa."

Na ce na rufe.

Ya ce to madalla, ya lumshe ido.

Ban rufe ba. Faifan na nan jingine a bango inda na ajiye shi lokacin da Mamman ke kira, ina ganinsa yanzu kamar a gabana. Na yi ƙarairayi a rayuwata da za su cika buhu ɗari, duk na manta da su. Wannan ita ce 'yar ƙaramarsu, kuma gulbi ba zai janye ba sai kaka.